Rahoton Kasuwa Daga Ɗakin Jira

Ƙarfe bakwai na safe ba a magana a gidan Glenys Hebden. Ba ibada ake yi ba. Lokacin ne kamfanoni ke sakin sanarwarsu a kasuwar hannayen jari ta London, shi kuwa mijinta Clive, tun da ya ajiye tuƙin bas a Halifax, ya mayar da wannan lokaci nasa shi kaɗai. Zai zauna a teburin kicin da rigar barci, tabarau a ƙarshen hanci, waya a hannu, shayi na hucewa a gabansa, yana jiran ko Saltbeck za ta ce wani abu.

Saltbeck wani ɗan ƙaramin kamfani ne da ke tace sinadarin aidin daga ruwan gishirin rijiyoyin mai, can a Amurka. Clive bai taɓa ganin wurin ba, amma in ka ji shi yana cewa "sabon injinmu" sai ka rantse shi ya ɗaure masa noti. Ya zuba wani kaso na kuɗin sallamarsa a ciki. Farashi ya hau, ya sauko, ya kwanta, ya kuma daɗe a kwance. Wannan bai dami Glenys sosai ba, don ba su rasa na cefane ba. Abin da ya ishe ta shi ne dandalin.

Wani shafi ne a intanet inda ƙananan masu hannun jari irinsa ke yini suna musu, kowa da sunan aro. Clive shi ne Direba. Babban abokin gabarsa kuwa wani ne mai kiran kansa Mai Lema, wanda kullum hadari yake hangowa: 'yan Chile za su cika kasuwa da aidin, farashi zai karye, kowa ya sayar ya tsira. Glenys ba ta taɓa ganin mutumin ba, amma ta ci abinci da shi ya fi a ƙirga, domin ba a ɗaga cokali a gidan sai an ambace shi.

Ana cikin haka ne likita ya taɓa wani wuri a gefen cikinta, ya sake taɓawa, sannan ya ce zai tura ta asibiti a ɗauki hoton ciki.

"Ka ji ni da kyau, Clive," ta ce da suka dawo gida. "Ba na so kowa ya sani. Musamman Lorna."

Lorna ita ce 'yarsu tilo, tana ɗauke da tsohon ciki, ga jininta na yawan hawa.

"In sakamako ya fito, ni da bakina zan gaya mata."

"Haba Glenys, ni wa zan gaya wa? Ni da ba na hira da kowa?"

Kuma har ga zuciyarsa gaskiya ya faɗa.

Ranar hoton, ɗakin jira cike yake maƙil. Glenys ta zauna da rigar asibiti mai ɗauri ta baya, hannuwanta sun yi sanyi. Wata ma'aikaciyar jinya ta zo ta durƙusa kusa da ita, ta yi mata bayani cewa za a sa mata wani ruwa ta jijiya don hoton ya fito sarai.

"Za ki ji ɗumi ya ratsa ki, bakinki ya yi ɗanɗanon ƙarfe. Kada ki tsorata. Aidin ne a ciki, ya taɓa ba ki matsala?"

Glenys ta rufe ido. Tun kafin ta buɗe ta san abin da za ta gani. Clive ya gyara zama, fuskarsa ta washe kamar an kunna fitila.

"Aidin kika ce, 'yar nan? Kowane mutum kwalba guda? Daga ina kuke sayowa? Kin lura ko ya yi tsada bana?"

"Clive."

"Tambaya ce kawai. To ko kwalbar da babu komai a ciki za a ba ni in duba takardar jikinta?"

"Clive!"

Ma'aikaciyar ta yi murmushin da ake yi wa tsofaffi, ta kama hannun Glenys suka wuce ta wata ƙofa mai shuɗin fenti. A bakin ƙofar Glenys ta waiwaya. Ba wani abu take so ba, ya ɗaga mata hannu kawai. Sai ta hango shi yana bin kujerun ɗakin da ɗan yatsa, leɓɓansa na motsi. Ƙirga mutane yake yi.

A cikin na'urar ta ji ɗumin nan, ta ji ɗanɗanon ƙarfen, ta kuma ji tsoro sosai, irin wanda ba ta taɓa ji ba tun haihuwar Lorna. Da ta fito ta same shi kansa a sunkuye yana ta danna waya. Ko ƙarfin faɗa ba ta da shi.

Da la'asar tana kwance a doguwar kujera aka buga ƙofa kamar za a ɓalla ta. Lorna ce, ciki a gaba, ido jajir, mijinta Kieran na biye da ita yana sosa ƙeya.

"Mama, hoton me aka ɗauke ki?"

Glenys ta tashi zaune a hankali. Ba Lorna ta kalla ba.

"Ni ban gaya wa kowa ba," in ji Clive daga bakin kicin. "Na rantse."

"A dandali na gani, Baba," Kieran ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Na ɗauka Lorna ta sani, shi ya sa na tambaye ta yaya jikin Mama."

Sai a lokacin Glenys ta tuna. Kirsimetin bara Clive ya tsare yaron nan a kan teburin abinci, bai bar shi ya taɓa naman talo-talo ba sai da ya yi alkawarin sayen Saltbeck da shiga dandalin.

"Ba ni wayar," ta ce.

Kieran ya miƙa mata. Ta karanta a bayyane, kalma-kalma.

"Rahoto daga fage. Yau na kai mai ɗakina hoton ciki. Ɗakin jira ba masaka tsinke, kuma kowane mutum sai an sa masa aidin. Wannan asibiti ɗaya ke nan a gari ɗaya. Buƙata ba ta raguwa, ƙaruwa take yi. Mai Lema, fito ka yi bayani."

"Kin gani?" Clive ya ce. "Ban ambaci sunan kowa ba."

"Matan Direba nawa ne a duniya, Clive?"

Ta ci gaba da gangarawa ƙasa. An yi ta amsawa. Wani ya ce madalla da bincike. Wani ya ce aidin ɗin asibiti ai na Japan ne, ba ruwansa da Saltbeck. Wani ya ce in jama'a suka ƙara tsufa, kasuwa sai abin da ya yi gaba. Manyan mutane, wasu da jikoki, sun yi layi suna rabon cikinta a kan farashi, babu ko ɗaya da ya ce Allah ya ba ta lafiya. Takaici ya hana ta kuka.

Ta rarrashi Lorna, ta ce ba komai ba ne, dubawa ce kawai, ta haɗa mata shayi ta sallame su. Maganar da ta shirya gaya wa 'yarta a natse, da bakinta, ta riga ta fita ta bakin Direba.

Bayan 'yan kwanaki asibiti suka kira. Suka ce ta zo ranar Alhamis da hantsi ta ji sakamako, kuma in da hali ta zo da wani. Glenys ta san abin da ake nufi in an ce ka zo da wani.

Da ta gaya wa Clive sai ya yi tsaye da tawul ɗin goge kwano a hannu.

"Alhamis? Wannan Alhamis ɗin?"

"Akwai wata ne?"

"Ai ranar ce taron shekara na masu hannun jari. A London. Na sayi tikitin jirgin ƙasa tun tuni, mai arahar nan da ba a mayarwa. Kuma na yi wa mutanen dandali alkawari zan tashi in tambayi shugaban kamfani maganar sabon injin." Ya ɗan yi tunani, sai fuskarsa ta saki, irin ta wanda ya warware matsala. "Amma ai yanzu tunda Lorna ta riga ta sani, sai ta raka ki."

Glenys ta dube shi ta daɗe. Wannan mutum ne da ya yi shekaru yana tsayar da bas a inda ba tasha ba don wata tsohuwa ta sauka kusa da gidanta. Ba mugu ba ne, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Da mugu ne da ta san inda za ta ajiye shi.

"Je ka," ta ce. "Ka gaishe min da injin."

Ranar Laraba da yamma ya shiga wanka ya bar wayar a kan teburi, dandalin a buɗe. Glenys ta sa tabaranta. Da ɗan yatsa ɗaya ta rubuta:

"Wannan ba Direba ba ne, matarsa ce. Ni ce buƙatar kasuwar da kuke ta murna da ita. Gobe zan je in ji ko abin da ke cikina mai kisa ne. Shi kuma zai je London ya tambayar muku injin. Ina fata farashinku ya tashi."

Ta aika, ta kife wayar, ta tafi ta yanka masa burodi da cuku na guzurin hanya, tana yi tana tsaki. Ta kira Lorna ta yi mata ƙarya, ta ce ta yi zamanta, babanta zai kai ta.

Da sassafe Clive ya fito cikin kwat ɗinsa na zuwa biki da jana'iza. Ya yi ta kai-kawo a bakin ƙofa, ya ce ta kira shi da zarar ta fito, ya sumbace ta a goshi, ya tafi tasha. Ko sanarwar ƙarfe bakwai bai tsaya dubawa ba, ya ce a jirgi zai karanta.

Glenys ta hau bas ita kaɗai. A ɗakin jiran ta sami kujera a kusurwa, ta ɗora jakarta a kan ta kusa da ita don kada wani ya zauna ya ja ta da hira. Kowa a ɗakin da nasa, wani da matarsa, wata da ɗanta. Ta ƙura wa agogon bango ido, tana ta tsara maganganun da za ta gaya wa Clive in ya dawo, kowacce ta fi 'yar'uwarta zafi.

"Akwai mutum a nan?"

Ta ɗaga kai. Kwat ne na biki da jana'iza, jiƙe da gumi, ƙunshin burodi a hannu.

"Jirgin ya lalace ne?"

"A hanya na sauka, a tashar Wakefield." Ya ɗauke jakar ya zauna yana haki. "Na ga abin da kika rubuta. Kin san Mai Lema ya amsa?"

"Ka zo har nan ka ba ni labarin Mai Lema?"

Ya miƙa mata wayar. Amsar gajeriya ce.

"Direba, na daɗe ina ce maka ka sayar ba ka ji ba, wannan ruwanka. Amma na san irin ɗakin nan, na zauna a ciki da tawa matar kafin ta rasu. Injin zai jira. Sauka daga jirgin nan, sakarai."

"Karo na farko ke nan da mutumin nan ya faɗi abin hankali," in ji Clive. "Har yanzu dai bai san komai a kan kasuwar Chile ba."

Glenys ta juyo ta fuskance shi.

"Wato ni da nake gidanka tun kana da gashi, na yi magana ba ka ji ba. Sai da wani ƙato mai lema, wanda ko fuskarsa ba ka sani ba, ya ce ka sauka, sannan ka sauka?"

Wata mata da ke gefensu ta juyar da kai tana danne dariya. Clive bai kare kansa ba. Ya zura wayar a jakar Glenys, ya ja zif. Sannan ya zauna yana murza ƙunshin burodin har takardar ta yage. 

"Ranar nan," ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "da kika shiga ƙofar nan mai shuɗin fenti. Na ga kin waiwayo."

"Ka gani?"

"Na gani. In na daina ƙirga mutane, ƙofar zan kalla, Glenys. Ni kuwa na kasa kallonta."

Ta buɗe baki. Duk maganganun da ta tsara tun daga bas suna nan a shirye, amma ta nemi ko ɗaya ta rasa. Ta fizge ƙunshin burodin daga hannunsa kafin ya gama watsa shi a ƙasa.

"Sakarai," ta ce. "Mai Lema ya yi gaskiya."

A cikin jakar wayar ta fara zillo, ta tsaya, ta sake farawa. Can a London an buɗe taro, mutanen dandali na neman Direba. Clive ya kalli jakar. Glenys ta kalle shi.

Ƙofa ta buɗe, ma'aikaciya ta leƙo ta kira sunan Glenys.

Shi ya riga ta miƙewa. Ya rataya jakar a kafaɗar kwat ɗinsa, tana ta zillo a haƙarƙarinsa, ya je ya riƙe mata ƙofar, idonsa a kanta har ta iso.