Hannun Kanar a Makarar Baba Tamimu

"Ɗauke min wayar nan daga gabana," in ji Baba Tamimu, ya ture hannun Alhaji Tsoho har robar iskar da ke hancinsa ta zame.

Abdulmumini, maƙwabcinsa na ƙofa da ƙofa, ya yi wuf ya mayar masa da ita. Kunu kawai ya shigo kawowa, wanda matarsa Balki ta dama, sai ya tarar Alhaji Tsoho, shugaban ƙungiyar Hausawan Soundview, unguwarsu a Bronx, ya zo dubiya da abin da yake kira albishir.

"Haba Malam Tamimu, ɗan garinku ne fa," in ji Alhaji Tsoho, yana sake karkato hoton da ke cikin wayar. "Kanar Ja'afar. Ya zo taron manya a Manhattan kan yadda aka gyara sojan ƙasarku bayan yaƙi. Shi ake nuna wa duniya a ce ga abin koyi. Ranar Juma'a zai yi salla da mu, kuma ya ce da ƙafarsa zai zo ya gaishe ka."

"Ka ce masa ƙofata a kulle take."

Alhaji Tsoho ya yi 'yar dariya, ya tattara babbar rigarsa. Ba mugun mutum ba ne, wallahi, amma in ya ji ƙamshin babban baƙo jikinsa rawa yake kamar mazari. A bakin ƙofa ya raɗa wa Abdulmumini, "Ciwo ne ke magana, ba shi ba."

Ba ciwo ba ne. Da suka rage su biyu, tsohon ya ƙi kunun, ya nuna wa Abdulmumini gefen gado.

Shekara da shekaru suna hawa bene ɗaya, Abdulmumini ɗan Maraɗi mai tuƙin tasi, da wannan dattijo mai gadin wurin ajiye motoci, amma bai taɓa jin sunan ƙasarsa a bakinsa ba. "Can" kawai yake cewa. An dai san a zango aka haife shi, a wata ƙasa ta bakin teku inda kakanninsa suka je fataucin goro suka zauna, kuma yaƙin basasa ne ya koro shi. Ranar nan ya kwance bakin jaka.

Yana da ɗa, Uwaisu. Da Uwaisu da Ja'afar a kwano ɗaya suka ci tuwo a zaurensa tun suna yawo ba wando. Da yaƙi ya zo, Ja'afar ya shiga daji ya zama ogan 'yan tawaye, Uwaisu ya ƙi binsa. Ranar da zango ya watse, a kan gada, Ja'afar ne da kansa ya kama hannun Uwaisu ya sauke shi daga motar gudun hijira, uban yana zaune yana kallo. Bai ko kai shi nesa ba.

"Na ji ƙarar bindigar da kunnena, Mumini. Mota ta tashi, na bar shi a nan."

Yaƙi ya ƙare, manyan ƙasashe suka turo ƙwararru su gina sabon soja. Suna da tsarinsu, kuma a ido tsari ne mai kyau. Duk wanda ya nemi shiga, sai a ɗauki hotonsa a liƙa a bangon kasuwa, a yi shela a rediyo cewa wanda ya san mugun abu a kan wani ya zo ya faɗa, ba tsoro. Baba Tamimu ya ga fuskar Ja'afar a jikin rumfar masu kifi, an yi masa aski, ya yi fes. Ya koma gida ya sa rigarsa ta Juma'a, ya taka har ofishin.

"Wata Baturiya ce, mai kirki. Ta ba ni ruwan sanyi. Har hawaye ta yi, wallahi. Sannan ta ce, ina shaidu? Ina takardar mutuwa?" Ya yi dariyar da ta koma tari. "Takardar mutuwa! A garin da ungulu ta ƙoshi har ta kasa tashi."

Waɗanda ke cikin motar, wasu sun mutu, wasu tsoro ya ɗinke musu baki. Aka ce zargi ne ba hujja. Daga baya ya ji cewa Ja'afar ne ya fito da yaransa daga daji suka ajiye bindigogi, don haka zaman lafiya na bukatarsa. Aka ɗinka masa kaki, aka kai shi ƙasashe ya koyo yadda ake kare farar hula. Shi kuwa mai ƙara, babur ya fara wucewa ta ƙofar gidansa a hankali kowace yamma, har ya gane karatun ya bar ƙasar.

"Ba na ce a kama shi ba, na bar shi da Allah," in ji Baba Tamimu. Ya damƙe wuyan hannun Abdulmumini da ɗan ƙarfin da ya rage masa. "Abu ɗaya. Hannun da ya sauke Uwaisu kada ya ɗauke ni. Kada ya taɓa makarata, kada ya zuba min ƙasa. Ba ni da kowa a garin nan sai kai."

"Baba, za ka tashi in sha Allah."

"Bar wannan. Ka yi min alkawari."

"Na yi, Baba. Na ɗauka."

Ranar Alhamis da hantsi, Balki ta shiga ɗakin Baba Tamimu da ruwan zafi ta fito tana salati. Aka sa jana'iza bayan sallar Juma'a, Juma'ar da Kanar zai zo. In ƙaddara za ta yi wa talaka wulakanci, har rana take zaɓa.

Abdulmumini bai fita aiki ba. Ya sami Alhaji Tsoho a shagonsa ya zayyana masa komai.

"Subhanallahi," in ji Alhaji, ya gyara hula. "To amma Abdulmumini, ka taɓa jin inda aka hana Musulmi ladan jana'iza? Baƙonka annabinka. Kuma mutumin nan an bincike shi fa, Turawa da kansu suka wanke shi tas. Mu su wa? So kake a ce Hausawan Bronx sun tozarta baƙon gwamnati?"

"Alhaji, wasiyya ce."

"Wasiyyar mai zafin ciwo. Ka yi masa addu'a, ita ce za ta amfane shi."

Ya je wurin liman. Liman ya saurare shi har ƙarshe da kansa a sunkuye, ya ce abin da ciwo, amma shari'a ba ta hukunci sai da hujja. Da Abdulmumini ya ji kalmar nan, hujja, sai ya miƙe ya fita.

Sai ya yi dabarar da talaka ke iyawa. A nan ba makarar gora ake amfani da ita ba, akwatin katako ne mai marikin igiya a kusurwa huɗu, kuma daga ƙofar masallaci zuwa motar gawa ba nisa. Al'ada ita ce kowa ya kama ya ɗan taka, ya sakar wa na baya shi ma ya sami lada. To idan mutum huɗu suka kama suka ƙi saki fa? Ya nemo Boubacar mai shagon waya, da Abdul-Fatawu ɗan Kumasi, da Faruƙ, ɗalibi ɗan Kano da ke zuwa auna wa tsohon jini kyauta.

"To, ko wa ya ce ku ba shi, ku yi kamar kurame," ya ce musu. "Kun ji ko?"

"Ba matsala, Kawu," in ji Faruƙ. "Ko shugaban ƙasa ne."

Abdulmumini ya yi zaton zai ga mugu, sai ya ga dattijo. Farin kaftani, furfura a gemu, tabon salla a goshi, murya ƙasa-ƙasa. Bayan an sallaci gawa Alhaji Tsoho ya ba shi dama ya yi magana, Kanar ya share ido da hankici ya ce, "Uba ne a gare ni. A zaurensa na ci tuwo." Masallaci ya ɗauki "Allahu Akbar". Abdulmumini ya buɗe baki, "Jama'a, mutumin nan..." sai liman ya ɗaga murya a yi salati ga Annabi, salati ya binne maganar.

Suka ɗaga akwatin. Abdulmumini na gaba ta dama, igiya ta naɗe a hannunsa. A kan matakala ƙamshin turare ya iso kafaɗarsa.

"Ɗan'uwa, ba ni in sami lada."

"Na riƙe."

"Ko taku kaɗan."

"Na ce na riƙe."

Aka fara gunaguni. Wani ya ce wannan wane irin rashin kara ne. Abdulmumini ya kafa ido a kan motar gawa da ke jira a bakin titi, bas na wucewa ta bayanta, yaran makaranta sun tsaya suna kallo. Saura kaɗan. Sai ya ji muryar nan mai laushi a bayansa tana cewa, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka, hutar da hannunka," da muryar Alhaji Tsoho, "Kai Faruƙ, sa'an ubanka ne ke magana."

Bai waiwaya ba. A hannunsa ya ji. Ɓangaren baya na akwatin, wanda ke ɗan rinjaya saboda Faruƙ ba shi da jiki, sai ya ɗago cak, nauyin ya daidaita, tafiyar ta yi sauƙi. Hannu ne mai ƙarfi, wanda ya saba.

Faruƙ ya biyo shi har bakin tasi yana kuka. "Kawu, wallahi ban san lokacin da na saki ba. Dattijo ya ce min ɗana, hannuna ya buɗe da kansa."

"Shiga mota," in ji Abdulmumini. Tarbiyya ce aka ba yaron, ita ce kuma ta ci amanar mamaci.

A maƙabarta, can tsallaken kogi a New Jersey, ko neman shawara ba a yi ba. Ana gama saka Baba Tamimu a kabari, Alhaji Tsoho ya buɗa wa babban baƙo hanya. Kanar ya durƙusa a wajen kai, ya ɗebi ƙasa da hannun dama ya zuba sau uku yana motsa leɓe, wani yaronsa mai baƙar kwat yana ɗaukar hoto da waya. Abdulmumini ya yunƙura, Boubacar da Abdul-Fatawu suka riƙe shi ta baya. "A bakin kabari? Ka ji tsoron Allah." Sai jama'a suka biyo baya, hannu da shebur, kowa ya zuba tasa.

Aka yi addu'a, aka shafa. Mutane suka bi Kanar zuwa motoci, kowa na son ya gaisa da shi.

Abdulmumini ya tsaya. Ya durƙusa daidai inda mutumin ya durƙusa, ya kwanta da ƙirji, ya miƙa hannu cikin ramin da bai gama cika ba, ya damƙo ƙasa daga wajen kai. Ya buɗe tafinsa ya duba. Ja ce, mai danshi, da 'yan tsakuwa, irin ta kowa. Ya sake damƙowa, ya sake dubawa.

Mai motar ture ƙasa, wani Bature mai kofin shayi a hannu, ya leƙo ya tambaye shi da Turanci ko ya gama. Abdulmumini ya gyaɗa kai. Ya zuba abin da ke hannunsa a aljihun rigarsa, ya ja da baya, injin ya tashi.

Da yamma Balki ta tare shi a barandar bene.

"An kai shi lafiya?"

"An kai shi."

Ta dubi fuskarsa. Ta karɓi rigar da ya tuɓe za ta kai wanki, ta zazzage aljihun kamar yadda ta saba, jar ƙasa ta zubo a kan tayil, daidai ƙofar Baba Tamimu. Ta juya za ta ɗauko tsintsiya.

"Bari," in ji shi.

Ta bari. Suka shiga ɗaki, ƙasar na nan a bakin ƙofar da aka kulle, kusa da silifas ɗin tsohon.