Muciyar da Ta Kori Rekiya

Mu'azu ne ya raba uwarsa Kubra da ƙawarta Rekiya, kuma duk mutanen garin Dauran su ji, don koyarwar da yake yi a Kaura ba ta sa ya fi ƙarfin faɗa ba.

Tun suna 'yan mata Kubra da Rekiya suke tare. Aure ya kai Rekiya Gurbin Bore, amma duk mako sai ta hau babur ɗin kabu-kabu ta zo yi wa Kubra tausa, don daka da ɗaukar itace sun sanƙarar mata da wuya. Ana tausa ana gulma har fura ta ƙare. Da Shari'a ta zo aka hana mata hawa bayan ɗan kabu-kabu, dole Rekiya ta ɗauke ƙafa. Wuyan Kubra ya ƙara ƙagewa, in aka kira ta sai ta juyo da jikinta duka.

Sai ga Mu'azu da dabara.

"Inna, ɗauko muciya. Ki tokare ta da bango, ki danna inda jijiyar ta ɗaure, ki murza. Bayan kowace salla, ba fashi. Horon kai ne."

"Muciyar tuwona? Kai da gidanku."

Amma ta gwada. Da fari hawaye take yi, daga baya abin ya koma cakulkuli, tana murzawa tana ƙyalƙyata dariya ita kaɗai har kaji suna watsewa. Ko tuwo na kan wuta, sai ya jira wuya ya gama da muciya. Kafin a yanke gero wuya ya saki. Kubra ta dinga waige-waige ba dalili, ta leƙa katangar maƙwabta ta dama, ta leƙa ta hagu, ta ga abin da ta yi shekaru ba ta gani ba.

Ana nan aka fito da motar mata zalla. Rekiya ce ta fara shiga, da man kaɗanyarta a ƙulle.

Da Kubra ta ji sallamarta, sai ta tuna wuyanta ya riga ya warke. Ta san halin ƙawarta. Nan take ta ƙage wuya, ta fito tana nishi.

Rekiya ta shafa mai, ta lalluba, ta sake lallubawa.

"Ke Kubra, ina ƙullin da na bari a nan?"

"Yana ciki, ƙawa. Nutsewa ya yi."

Daidai nan akuya ta zura baki a ƙwaryar fura ta bayansu. Kafin Rekiya ta motsa, Kubra ta juya wuya fit, ta jefe ta da takalmi. Dariya ta ƙwace mata, ta kasa tsayar da ita.

Rekiya ba ta yi dariya ba.

"Hannun wa ya taɓa wuyanga?"

"Wallahi ba hannu ba ne. Muciya ce."

"Muciya. To ta ci gaba, ta kawo maki labarin Gurbin Bore."

Ta ƙulle manta ta fice, ko fura ba ta sha ba. Har yau ba ta dawo ba.

Yanzu Kubra na da wuya lafiyayye, ba wanda za ta waiga ta gani. Ta daina murzar ma don ciwon ya dawo, ya ƙi.

Don haka dole Mu'azu ya baro Kaura, ya ɗauki muciyar nan ya tafi Gurbin Bore, ya durƙusa gaban Rekiya ya faɗa mata da bakinsa wanda ya sa shi wannan karambanin.