Ruwan Bankwanan Tsoho Tokuji

Ranar da aka aiko wa Chizuru cewa tsoho Tokuji ya kai gargara, ko ƙwalla ba ta yi ba. Baƙar rigarta ta goge, ta hau jirgin ƙasa zuwa Hiroshima.

Tokuji yayan kakarta ne, marigayiya Fusae, ciki ɗaya suka fito, amma Chizuru ba ta taɓa ganinsu kan tabarma ɗaya ba. Kowa a dangi ya san dalili, kowa kuma ya ɗinke bakinsa. Safiyar da bom ɗin nukiliya ya faɗo wa garin, Fusae ta goyo ƙanwarsu Sumie zuwa bakin kogi, fatar yarinyar tana saluɓewa, ba abin da take kira sai ruwa. Fusae ta tsinci wata lotsattsiyar buta ta ɗebo. Tana shirin kai mata baki sai ga Tokuji cikin kakin soja, an turo su kwasar ƙonannu, an kuma ja musu kunne cewa duk wanda wutar ta ci, in ya sha ruwa mutuwa zai yi. Ya sa ƙafa ya shure butar. Kafin rana ta faɗi Sumie ta cika, leɓenta a tsattsage.

Fusae ta rayu da dafin bom a jininta. Ta haifi uwar Chizuru, ciwon jini ya ɗauke 'yar da ƙuruciya, Fusae ta dawo ta raini jika. Har ta koma ga Mahaliccinta tana jiran kalma ɗaya ta neman gafara daga bakin yayanta, ba ta samu ba.

To, ga shi yau shi ne a kwance. Kamar yadda aka saba yi wa mai barin duniya, dangi za su jeru, kowa ya tsoma audugar da aka ɗaura a tsinken cin abinci cikin ruwa ya jiƙa masa leɓe, don kada ya tafi da ƙishirwa. 'Ya'ya ne farko, sai 'yan'uwa, sai jikoki. Daga tsatson Fusae kuwa Chizuru kaɗai ta rage, ita za ta tsaya a gurbin ƙanwa.

A bakin ƙofa, tana cire takalmi, Norio jikan tsohon ya tare ta.

"A'a, 'yar birni! Ba a rasu ba tukuna, kin wani shawo baƙi kamar hankaka."

"Na rage wa kaina wahalar komawa canji ne, Yaya."

Murmushinsa ya ɗauke. Ya rage murya. "Don Allah kada ki tayar mana da tsohon zance. Umarni aka ba shi, lokacin ma bai kai shekarunmu ba. A tunaninsa ceton Sumie yake yi."

"Ya cece ta ɗin?"

"Shi ya jefa bom ɗin? In faɗa kike ji, ki haye teku ki nemi masu jirgin saman da ya sako shi."

"Masu jirgin ba su san sunanta ba. Shi ya sani. Shekara da shekaru yana shan shayinsa a gidan nan, ko sau ɗaya bai je kabarinta ya zuba mata ruwa ba."

"Kunya ce ta hana shi, uwar taurin kai."

"To, ta ci gaba da hana shi."

Aka kira su ciki. Tsohon yana kwance a shimfiɗa, ya ƙanjame, numfashinsa kamar ana jan zarto. 'Ya'yansa suka yi nasu suna shessheka, yana lasar ɗigon da ƙyar. Sai Goggo Haruyo, babbar 'yarsa, ta ɗaura sabuwar auduga ta miƙa wa Chizuru.

Ta durƙusa, ta ba jama'a baya. Tsohon ya buɗe ido ya kafe ta da su.

"Fusae?" ya ce. "Ke ce? Ƙishi nake ji."

"Jikarta ce, Kaka. Da ita ce, da wataƙila ta ji tausayinka."

Ta sunkuyar da tsinken cikin kofin, amma ba ta bari ya taɓa ruwan ba. Ta goga masa busasshiyar auduga a leɓen sama, ta goga a na ƙasa, a hankali, cikin ladabi, har Goggo Haruyo tana gyaɗa kai tana yaba tarbiyyarta. Harshen tsohon ya fito yana lalube, bai sami komai ba. Ya daɗe yana dubanta. Ya gane.

Norio ne na gaba. Yana karɓar tsinken ya ga audugar a bushe ƙamas, ya ɗago ya dubi Chizuru. Da sauri ya tsoma ta sosai har tana ɗiga, ya kai bakin kakansa.

Tsohon ya datse leɓensa gam.

"Kaka, ni ne, Norio. Buɗe mana."

Ya kau da kai wajen bango. Ruwan ya gangara ta kumatunsa ya jiƙa matashi. Sauran jikoki suka gwada, 'ya'yan suka dawo suna roƙo, ko ɗigo bai ƙara karɓa ba, kuma a haka rai ya yi halinsa.

Chizuru tana sa takalmi Norio ya biyo ta, idonsa jawur.

"Kin huce yanzu?"

"Ai ba shi ya kamata ya zaɓi tafiya da ƙishi ba," ta ce. "Har wannan ma sai da ya ƙwace mini."