Man Keke a Yatsan Tela

Ƙanena tela ne, shekara talatin yana taka keken ɗinki ba takalmi. Ciwon suga ya kama shi bayan ya haura hamsin, amma taurin kai tun yana goye yake da shi.

Wata Talata guntuwar allura ta soke shi a babban yatsan ƙafar dama. Ya zare ta, ya ɗiga man keke a wurin, ya ɗaure da ƙyalle, ya ci gaba da aiki. Kwana huɗu bai gaya wa kowa ba. Matarsa ce ta ga yana ɗingishi, ta aiko a kira ni.

Na same shi a shago, yatsan ya kumbura suntum, yana ruwa.

"Yaya, ɗan abu ne," in ji shi. "Da can kwana biyu yake warkewa."

"Da can kana da gashi a ka. Tashi, asibiti."

Likita ta kwance ƙyallen, ta shinshina. "Baba, man mene ne wannan?"

"Na keke."

"To ƙafar taka keke ce?"

Matarsa, da ta biyo mu asibitin, ta kau da kai tana dariya. Aka auna sugansa, ya hau sosai. Likita ta ce a cikin jini akwai fararen ƙwayoyi, aikinsu gadi, cuta na shiga sai su ruga su cinye ta. "Amma in suga ya yi yawa sai jikinsu ya mutu, kamar wanda ya cika ciki da rana tsaka. Kafin su iso, cuta ta shimfiɗa tabarma. In ta kai ƙashi, sai an cire yatsan nan."

Nan dariya ta tsaya. Da wannan ƙafar yake ciyar da gidansa.

Aka wanke ciwon, aka ba shi gado. Matarsa ta sa ido a kan abin da yake ci. Ni kuwa kullum da safe sai in zo in zauna, in harare shi har ya haɗiye maganinsa. Ya ce gara allurar likita da idona.

Rana ta tara likita ta buɗe bandeji, ta daɗe tana dubawa.

"Masu gadinka sun farka, Baba. Nama ya fara tsirowa. Ba za a yanke ba."

Ƙanena ya sunkuya ya ƙirga yatsunsa a fili, har biyar. Sannan ya ɗago ya dubi farar rigarta.

"'Yata, wa ya ɗinka miki aljihun nan a karkace? In an sallame ni ki kawo in gyara."