Duba-Gari Ya Dafa Robar Haƙorinsa

A gidajen abinci ba wanda ke kiransa da sunansa, sai Malam Tafasa. Duba-gari ne, kuma duk kicin ɗin da ya shiga, ko cokali ya gani da ɗan maiƙo, ko tsumman goge tebur bai yi masa ba, maganarsa ɗaya ce: "A tafasa." Da wannan kalmar ya yi girma a aiki, da ita ya samu ofis mai labule.

Sai da gemunsa ya fara furfura sannan ya yanke shawarar gyara haƙoransa na gaba, waɗanda suka hau juna tun yana yaro kamar fasinjoji a kujerar baya. Ya sha zama da wayar gyaran haƙori a baki har ya gode wa Allah. Ranar da aka cire ta, likitar haƙorin, wata mace mai sanyin murya wadda a haife ya haife ta, ta miƙa masa wata roba garau, ana hango haƙori ta cikinta, an zuba ta daidai bakinsa. Ta ce ya riƙa sa ta kullum, in ba haka ba haƙoran su koma gidan jiya. Ta fara bayanin yadda ake wanke ta ke nan, ya ɗaga mata hannu yana murmushi da sababbin haƙoransa.

"Likita, ai tsabta sana'ata ce."

Ta ba shi ɗan akwatin ajiye robar. A aljihun mota ya jefa shi, bai sake bi ta kansa ba.

Tsabtar tasa kuwa ga yadda take. In zai ci abinci ya zare robar, ya naɗe ta a tishu, ya cusa a aljihun riga tare da biro da makullin mota. In ya gama ya ɗauraye ta a famfo, ya mayar. Da tafiya ta yi tafiya robar ta dushe, ta yi wani fari-fari kamar an zuba mata madara, lungunanta suka yi rawaya. Ya ce hasken banɗaki ne ba shi da kyau.

Wata safiya yana kai matarsa wurin aiki, yana ba ta labarin wani mai gidan abinci da ya rufe wa shago, sai ta sauke gilashin motar.

"Baban yara, anya ɓera bai mutu a motar nan ba?"

Ya faka a gefen titi, ya durƙusa da kayan aikinsa ya leƙa ƙarƙashin kujeru, ya ɗaga tabarmin ƙafa, ya buɗe but. Bai ga komai ba. Ya dawo ya zauna yana faɗa a kan masu wankin mota.

"Ɗan yi shiru in ji," in ji ta.

Ya yi shiru. Warin ya ɗauke. Ta dube shi, ya dubi sitiyari.

Da ya koma gida da yamma bai ko cire takalmi ba ya wuce kicin. Ya ɗora ƙaramar tukunya, ruwa ya tafasa, ya jefa robar a ciki, ya tsaya hannuwa a baya kamar yadda yake tsayawa a kan masu abinci. A ransa yana cewa yau ƙwayoyin cutar nan za su san da wa suke yi. Kafin ya gama tunanin robar ta fara miƙa, ta lanƙwashe, ta dunƙule. Da ya tsamo ta da cokali, ta koma kamar busasshen kunnen akuya.

Duk da haka sai da ya gwada ta. Ta shiga haƙori biyu ta ƙi sauran. A haka matarsa ta same shi, roba na reto a leɓe, tururi na tashi.

"Ta nuna, ko a ƙara mata wuta?"

Washegari ya ajiye abin a gaban likita, a naɗe cikin tishu. Ta buɗe, ta juya shi da ɗan ƙarfenta, ta yi ƙoƙari ƙwarai wajen riƙe fuskarta.

"Baba, me ya same ta?"

"Aiki ne ya bi ta kanta," ya ce. "Likita, bayanin nan da na katse ki, ko yana nan?"

Yana nan. Ta ce robar ba ta shiri da ruwan zafi, ko a mota aka bar ta cikin rana sai ta canja kama. Duk sanda ya cire, ya ɗauraye da ruwan sanyi kafin yawu ya bushe a kanta, don a nan ƙwayoyin cuta ke samun wurin zama. Ya ware mata buroshi mai laushi nata na kanta, ya wanke ciki da waje da sabulun ruwa marar ƙarfi. Ban da man goge baki, yana kankare ta, kuma a inda ya kankare ɗin datti ke maƙalewa. Ta nuna masa wata ƙwaya da ake jefawa a kofin ruwa ta yi kumfa, a jiƙa robar gwargwadon yadda aka rubuta a kwalin, a ɗauraye, a bar ta ta sha iska. Akwatin ma a riƙa wanke shi.

"Yana ina ma akwatin?"

"Yana cikin ƙoshin lafiya," ya ce. "Ko buɗe shi ban taɓa yi ba."

Ta sake auna bakinsa don a yi masa sabuwa. Yana shirin fita ta roƙe shi ya bar mata dafaffiyar, tana so ta riƙa nuna wa masu zuwa. Ya yarda, da sharaɗin ba za a ambaci mai ita ba.

Ranar da ya zo karɓar sabuwar, ya tarar an sa tsohuwar a kwalba a ɗakin jira, kan tebur, kusa da tulin mujallu. Kujerun cike da 'yan makaranta masu waya a baki, shi kaɗai ne mai furfura. Matar da ke kusa da shi ta ja 'yarta gaban kwalbar tana nuna mata.

"Kin gani ko? Haka ake yi in yaro ba ya jin magana." Ta juyo gare shi. "Malam, dubi ɓarna don Allah. Ko ina iyayen yaron suke har ya kunna wuta?"

Ya gyara zama, ya leƙa kwalbar sosai kamar yau ya fara ganinta, ya girgiza kai.

"Hajiya, irin yaron nan na san shi. Iyayen sun yi iya ƙoƙarinsu."

Aka leƙo daga ciki aka ce Baba ya shigo, ya tashi ya shiga.