Teburin da Ya Daina Girma

Nabwire ta kwana uku tana tafiya kamar wadda ta ci gasa. Teburin bayanan awon ruwa na cikin kwamfuta, wanda ya addabi ofishinsu na Nairobi tun shigowar damina, ya yi laƙwas.

Aikin ofishin ɗaya ne. Akwai na'urori a bakin kogin Nzoia da ke auna ruwa kowane minti, su turo awon cikin rumbun bayanai da ofishin ke haya a intanet. In ruwa ya haye jan layi, saƙo ya tafi wayoyin mutanen ƙauyuka su haura tudu. Lambar mahaifiyar Nabwire na cikinsu, ita da kanta ta saka ta.

To, shi teburin nan ba ya ƙoshi. Kullum kumbura yake, har ya taɓa cika rumbun komai ya tsaya cik. Shi ya sa shugabansu Mutiso, mutum mai faɗa kamar ana biyansa, ya ce ta sa masa ido. Ta zauna ta tsara abin tsaf: a auna girman teburin duk sa'a, in ya ƙaru fiye da kima ƙararrawa ta buga a wayarta. Don ƙarin tsaro ta canza mabuɗin sirri na shiga rumbun. Tun daga ranar allo kore shar, waya shiru, har Mutiso ya saya mata mandazi, irin fankensu na can.

Ranar Alhamis da hantsi tana kurɓar shayi, Chebet, abokiyar aikinta, ta leƙo allon tana tsokanarta, wai wane boka ta kai wa teburin. Can sai ta daina dariya.

"'Yar'uwa, ana sheƙa ruwa a yammacin ƙasa, wajen kogin, tun Litinin. Ya za a yi ko layi ɗaya bai ƙaru ba?"

Nabwire ta duba. Layin ƙarshe ya shigo ne Litinin da ƙarfe huɗu, daidai lokacin da ta canza mabuɗin. Na'urorin na can da tsohon mabuɗi, suna ta ƙwanƙwasa ƙofa ana korarsu. Ita kuwa ta koya wa ƙararrawar kuka in tebur ya yi ƙiba, ba ta taɓa tunanin gaya mata abin da za ta yi in ya daina motsi ba. Wa ke tsoron teburin da ba ya girma? Duk ofishin babu wanda abin ya zo wa a rai.

Nan take ta mayar da tsohon mabuɗin. Awon kwana uku ya kwararo a lokaci guda. Mutiso ya zo ya tsaya a bayanta. Suna kallo lambobin suna hawa: Talata, Laraba, sannan safiyar yau. Ruwan ya haye jan layi tun ƙarfe shida da kwata. Yanzu sha ɗaya saura.

Saƙon gargaɗi ya fita zuwa wayoyi dubu huɗu, ya makara da kusan awa biyar. Nabwire ta kira mahaifiyarta, aka ce ba a samun lambar. Ta kira maƙwabcinsu mai kwalekwale, haka. Chebet ta ce wataƙila sabis ne, ai ruwa na kayar da shi, ƙila ma sun ga kogin da idonsu sun tashi tun asuba. Mutiso ya fita yana kiran jami'an agaji. Daga nan zuwa gida tafiyar yini guda ce a mota, kuma babu sauran abin da za ta gyara. Komai na aiki daidai.

Allon ya fara jero wayoyin da saƙon ya isa, da waɗanda bai isa ba. Ta bi jeri na biyun da yatsa a hankali, tana roƙon Allah kada ta gani. A layi na goma sha tara ta ga lambar.

Ta sake dannawa, ta kara wayar a kunne.

"Mama, ɗauka mana," ta ce a hankali. "Ni ce."