Layi Huɗun da Na Rage

"Nawa yau?" Baba Mai Awo ya tambaya daga kan gado.

Na duƙa gaban tiyon ruwan da ya shimfiɗa daga barandarsa zuwa gindin katangata. Ruwan ya hau layi na tara.

"Biyar, Baba."

Shekara talatin ya yi a ofishin masu lura da dutsen nan mai aman wuta da ke saman unguwarmu. Ya yi ritaya, amma awo bai sake shi ba. Da ciwo ya kwantar da shi sai ya ɗora mini duba tiyon, ni da ban san komai ba sai keken ɗinki.

"Tura hannunki ƙarƙashin katifa," haka ya koya mini. "In mai kauri ce, tudun ya bazu. In siririya ce, ya yi tsini. To, hawan ruwan tiyon nan ke nuna kumburin ƙasa, daga kumburin kuma muke gane zurfin narkakken dutsen da ke turo ta."

Duk ranar da ruwan ya hau ba ya cin abinci, sai lissafi. Shi ya sa na fara rage lambar da nake faɗa masa. Wallahi tausayi ne. Lambar gaskiya kuwa ina rubuta ta da allin ɗinki a bayan ƙofar shagona.

Ranar Laraba ya ajiye fensir, ya yi murmushi. "Yana can ƙasa, bai taso ba. Ku yi zamanku, 'yata. Na aika wa ofis lissafin."

Da hantsin Alhamis ya cika.

Kwana uku abin yana cin raina. Ran na huɗu na kwafe lambobin, na kai wa tsohuwar ɗalibarsa a ofis. Ta daɗe tana kallon takardar.

"Yaya, tun yaushe?"

"Sati uku."

"Ba mu da na'ura a ɓangarenku," ta ce a hankali. "Da nasa muka dogara."

Ba ta yi mini faɗa ba. Da ma ta yi, da na fi samun sauƙi.

Kafin sati ya zagayo manyan motoci suka zo kwashe unguwar. Ina zaune a baya, rungume da kan kekena, muka bi ta gefen maƙabarta. Na hango kabarinsa can kusa da shinge. Ƙasar ba ta gama bushewa ba, toka ta fara sauka a kanta.